Muhawara: Dole Ne A Sa Koyil Tsakanin Kafasita Da Fitilar Filasha?

Mai Gyaran Kyamara: Salamu alaikum jama'a. Ni fa ban gamsu da cewa sai an sa koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, tsakanin kafasita mai tara wuta da fitilar filasha mai iskar zinon ba. Ku buɗe ƙaramar filashar kyamara ku gani. Batiri ne, da transfoma mai ɗaga wuta zuwa wajen bolt 300, da kafasita, sai 'yar transfomar da ke tayar da fitilar. Ina koyil a kan hanyar wutar? Babu, kuma tana aiki shekara da shekaru.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani haka yake, amma dubi yawan wutar da ake magana. Lissafin ƙarfin da kafasita ta tara, wanda ake aunawa da jul, shi ne rabin girmanta sau bolt sau bolt. Kafasitar kyamara mai maikurofarad 120 a bolt 330 jul 6 da rabi ne kawai. Ta fitilar da ke haska leza mai maikurofarad 100 a bolt 1,000 kuwa jul 50 ne. Sannan kafasitar kyamara elektrolitik ce, tana da 'yar turjiya a cikinta mai rage saurin fitar wuta. Ta fim, wato mai siririyar leda a ciki, wadda ake sa wa leza kusan lokaci guda take juye komai.

Mai Gyaran Kyamara: To ai juyewa lokaci guda ake so, Injiniya. Walƙiya ce fa.

Tsohon Ma'aikaci: A'a ɗana, nan ne gizo ke saƙar. Kowace fitila tana da iyakar wutar da in an kai ta, kwalbar za ta fashe a bugu ɗaya. Iyakar nan tana bin tsawon fitilar da faɗinta, kuma tana bin tsawon lokacin bugun. In ka gajarta bugun ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, iyakar ta ragu da rabi. Wato jul 50 ɗin da fitila za ta ɗauka lafiya a hankali, su ne za su iya tsaga ta in sun shiga a gurguje. Ko ba ta fashe ba, kwananta ya ragu. A lissafin da masu ƙera fitilun ke bi, wadda ke aiki a kashi 30 cikin 100 na iyakarta tana yin bugu dubbai goma-goma, wadda ke kashi 20 kuwa tana kai dubbai ɗari-ɗari. Tazarar ba ƙarama ba ce.

Ɗalibar Lantarki: Baba, ina da tambaya. In dai rage gudu ake so, me ya sa ba za a sa rezista ba?

Injiniya: Ƙanwata, rezista zafi za ta mayar da wutar, an yi asara ke nan. Koyil riƙe wutar yake yi ya sake ta, kaɗan yake ci. Kuma da shi ake yanka wa bugun tsawonsa. A ninka koyil da kafasita, a fitar da tushen, wato adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da wannan amsar, a ninka sau uku. Koyil mai maikurohenri 100 da kafasita mai maikurofarad 100 suna ba da bugun kusan maikurosakan 300. Sandar leza ta Nd:YAG, wani irin dutse mai kama da gilashi, tana riƙe ƙarfin da hasken fitilar ya ɗura mata na wajen maikurosakan 230, shi ya sa ake neman bugu mai tsawon da ya yi kusa da haka. Yakutu irin wanda Theodore Maiman ya haska da fitilar zinon mai murɗe a Amurka a 1960, shi yana riƙewa har wajen milisakan 3.

Mai Gyaran Kyamara: Amma ku faɗi gaskiya, koyil ma yana kashe fitila. Na sha ganin wadda bakinta ya yi baƙi ƙirin alhali da koyil a layinta.

Tsohon Ma'aikaci: Wannan ka yi gaskiya. In koyil ya yi wa fitilar yawa, wutar ba ta tsayawa, sai ta juyo da baya. Ƙarfen bakin fitilar da aka yi don ya karɓa ya koma mai bayarwa, ya riƙa zaizayewa yana shafa wa kwalbar baƙi.

Injiniya: Shi ya sa ba a ɗauko koyil da ka. Fitila ba ta bin dokar Ohm kai-tsaye, wadda ta ce in wuta ta ninka, bolt ma haka zai ninka. In wutar da ke ratsa ta ta ninka huɗu, bolt ɗin da ke kanta ninki biyu kawai yake yi. Masana Markiewicz da Emmett sun warware lissafin a 1966, suka fitar da adadin da ke nuna yadda fitilar ke daƙile juyawar wuta, kuma wanda ake nema shi ne wajen 0.8. Ƙasa da haka wuta ta juyo, sama da haka bugun ya ja dogon wutsiya marar amfani.

Ɗalibar Lantarki: To na'urorin yanzu masu IGBT, wato transistar da ke aikin makunni mai sauri, fa? An koya mana cewa babbar kafasita ake cikawa, IGBT ya buɗe ya rufe a lokacin da ake so.

Mai Gyaran Kyamara: Yawwa, Allah ya yi miki albarka! Filashar kyamarorin zamani ma haka take yanke haske. Ga shi nan an yi aiki ba tare da wancan koyil ba.

Injiniya: Malam, ai maganar ta canza. Da farko cewa ka yi a haɗa kafasita da fitila kai-tsaye. Yanzu ka kawo abin da ke iko da tsawon bugun, wato ka ba IGBT aikin koyil. Kuma irin waɗannan na leza galibi ana barin 'yar wuta tana ci a cikin fitilar tsakanin bugu da bugu, don kada babbar wutar ta tarar da iskar a sanyi.

Mai Gyaran Kyamara: Na yarda da haka a leza. A ƙananan filasha masu jul kaɗan ina nan a kan bakana. Zan gwada fitila iri ɗaya da koyil da kuma babu, in auna.

Tsohon Ma'aikaci: Gwada, amma don Allah ka sa rezista mai zuƙe wuta a kan kafasitar, kuma ka auna ta da mita kafin hannunka ya kusance ta. Jul 50 na iya kashe mutum ko an cire filogi.

Injiniya: Ka auna wutar da transfomar awo mai zoben da waya ke ratsawa, kada ka jona osiloskof, na'urar da ke zana bugun a allo, kai-tsaye. Ka ɗauko mana hoton bugun biyu, mu ga tsayinsa da ko ya sauka ƙasa da sifiri.