Wa ya dace ya ce "no big deal", mai laifi ko wanda aka yi wa?

Salamu alaikum. Ina yi wa wata mata 'yar Ingila aikin zane ta intanet. Watan jiya na makara da kwana ɗaya, na ba ta haƙuri, ta rubuto min "no big deal". Na ɗauka daidai yake da "ba komai" namu.

Shekaranjiya ita ta gano kuskure a aikina, na rubuta lambar wayar shagonta ba daidai ba a katin talla. Sai na amsa mata da "no big deal", nufina gyaran ba zai ɗauki minti 5 ba. Amsarta layi ɗaya ce, ko gaisuwa babu: ta riga ta buga kati 200, kuma a wurinta babban abu ne. Tun daga nan shiru, abin ya tsaya min a rai.

Na duba ƙamus, ya ce abu marar muhimmanci. Manhajar fassara ta ba ni "ba wani abu ba ne". Wani abokina malamin Turanci ya ce maganar ta hira ce kawai, amma ai ita ta fara faɗa min a kan aiki.

Don Allah, shin wanda aka yi wa laifi ne kaɗai ke iya faɗin wannan magana?