Sola ta shigo, janareta na ja da baya: aikin wa ya ƙaru, na wa ya ragu?

Mai Shagon Caji, Kano: Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta wuce 1,000, jama'a suka raja'a kan sola. Masu sana'a, yaya kasuwa take a ɓangarenku?

Bakaniken Janareta: Wa alaikumus salam. Abincin bakanike a ƙananan gyare-gyare yake: juyen baƙin mai, wankin kabureta, canjin fulogi, igiyar ja, sai naɗin kwayil in ya ƙone. Injin da ake tayarwa kullum ba ya wata biyu bai ga bakanike ba. Yanzu masu shago sun jingine nasu, sai batirin sola ya gaza su tuna da shi, su tarar tsohon mai ya daskare ya toshe kabureta. Abin da ya ɗan rage asarar shi ne mayar da janareta kan gas: a sa kabureta mai hanya biyu, a haɗa tiyo zuwa tukunya. Amma aikin yini ɗaya ne, an gama ke nan. Masu gyaran manyan injinan dizal na masana'antun Sharaɗa da Bompai su dai har yanzu da sauran aikinsu.

Mai Haɗa Sola, Zariya: Oga, wajenmu aiki ya ƙaru, sai dai rabinsa gyaran ɓarnar 'yan koyo ne. Mai wayarin na gida ya saba da wuta mai bolt 230, sai ya ɗauko wayar soket ya haɗa batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Ga lissafin: kayan wat 1,000 a kan batir mai bolt 12 suna jan sama da amp 80, dole waya mai kaurin 25mm². A kan bolt 48 kuwa amp 21 ne kacal. Siririyar waya za ta yi zafi ta narke, wani lokacin har gobara.

Na biyu batir. Mai 200Ah bolt 12 a takarda yana ɗauke da kilowat-awa 2.4, amma in na ruwa ne rabi kawai ake sha. Wanda ke tatse shi ƙarƙaf kowane dare, shekara guda ta yi masa yawa. Ana duba ruwansa duk wata biyu zuwa uku, kuma ruwan batir ake zubawa, ba na famfo ba. Kada a haɗa tsoho da sabo, kada a kulle shi a ɗaki mai zafi. Firji kuma yana fizgar wuta ninki uku ko fiye lokacin tashi, shi ya sa ƙaramar inbata ke ta kuka. Fanel ya kalli kudu, a ɗan karkace, da hunturu a wanke shi duk mako da sassafe. Masu walda ma sun samu, su ke ƙera ƙarfen da ake ɗora shi.

Injiniyan Lantarki: Malamai, a bambance aikin gini da aikin dindindin. Tasha irin ta Kumbotso mai megawat 10 da aka buɗe a 2023, ko ta Jami'ar Bayero ta 2019, lokacin kafawa ake ɗibar lebura, magina da direbobi. Da an kunna, sai masu gadi, masu wanke fanel da ƙwararru 'yan kaɗan, don babu abin da ke juyawa balle ya ci. Fanel, inbata da batirin litiyam kuma galibi daga Sin ake shigo da su, aikin ƙerawar yana can.

Mai Noman Rani, Kura: A fadama an rabu biyu. Wasu sun sa wa injin ban ruwa gas, masu hali sun sayi famfon sola. Matsalarsa yashi: in rijiyar ba ta da matata, yana cinye cikin famfon. In ruwa ya ja baya famfon ya ci gaba da juyawa a bushe, ƙonewa zai yi. Mai gyaran injin fetur yana nan kowane ƙauye, na sola sai an kira daga birni, tumatir kuwa ba ya jiran mutum. Sai sabon aikin gadi, saboda ɓarayin fanel.

Ɗan Maraɗi: Alhaji, mu nan abu biyu suka haɗu. Cire tallafin ya karya 'yan bumburutun kan iyaka, don ribar tasu a arhar man Najeriya take. Sannan da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, masu sayar da fanel suka ga ciniki. Sai dai ba waɗanda suka karye ne suka samu ba: mai jarka bai da jarin buɗe shagon sola.

Bakaniken Janareta: Malam na Zariya, yaron da ya iya naɗin kwayil, da me zai fara?

Mai Haɗa Sola, Zariya: Da mitar auna wuta. Ya iya auna bolt da amp, ya iya lissafin kayan gida kafin ya taɓa waya. Daga nan sai gyaran inbata, don masu wannan hannun sun yi ƙaranci, yawanci in ta lalace sabuwa ake cewa a saya.