'Ya'yan tarwadata suna mutuwa, cikin kunnensu ya koɗe

Mai ƙyanƙyasa, Arkilla: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifi. Don Allah a taimaka mini da shawara, hankalina a tashe yake. Ina ƙyanƙyasar tarwada a bayan gidanmu cikin tankunan roba, da ruwan burtsatse. Jarin ba nawa ba ne. Kawuna ne ya sayar da ragunan da yake turke don layya ya ba ni, bisa alkawarin zan mayar masa kafin Sallah. Ga wani bawan Allah a Wamakko da ya riga ya ba ni kafin alƙalami, safe da yamma yana bugo waya. Mahaifiyata kuwa tun farko ta fi son in zauna shagon yayana a kasuwa, don haka ba na son ta gane ko a fuska. Ƙyanƙyasa ta yi kyau, sun girma suna cin abinci, sai zafin nan ya shigo. Yanzu suna cunkushewa bakin bututun da ruwa ke shigowa, wasu a rataye a saman ruwa. Da na buɗe kunnen matattun, jan naman nan na ciki da suke numfashi da shi ya koɗe, ya kumbura, ga yauƙi, gefensa kamar ya soma ruɓewa. Kowace asuba sai na kwashe gawa. Me zan zuba musu?

Alhaji na Mabera: Wa alaikumus salam. Yaro, kwantar da hankalinka, tun kana makarantar allo nike wannan sana'a. Ka tahi kantin maganin dabbobi ka sawo oxytetracycline, wanda aka ba kaji, ka zuba ma duk tankunan, har waɗanda ba su kamu ba. Haka munka saba yi duk bazara. Tarwada ba tsaiwar kunne ka kashe ta ba, tana shaƙar iska daga sama, ko cikin taɓo sai ta rayu.

Hajiya mai banda: Allah ya kawo sauƙi ɗana. Ni ma bara haka wani ya sayar mini da ƙananan kifi, ashe da cutarsu suka zo. Na koma wurinsa ya rantse ruwana ne. Har yau ko sannu bai ce mini ba, kuma a gaban mutane yake nuna shi mai gaskiya ne. Ka matse shuwaka ka zuba musu, ni ita ta tsayar mini da sauran.

Ɗalibin kiwon kifi: Yallaɓai, kafin maganar magani akwai abin da ba ka faɗa ba. Kifi nawa ne a kowane tanki? Ruwa yana gudana ne ko sai ka canza? Kana zuƙe ragowar abinci daga ƙasa?

Baba Alhaji, ka gafarce ni. Gaskiya ne tarwada na da wata gaɓa a saman kunnenta da take shaƙar iska da ita, amma a ƙanana ba ta gama ƙarfi ba. Kuma ta wannan jan naman kifi ke fitar da amoniya, wato wata ƙazanta mai guba, daga jininsa, ta nan yake daidaita gishirin jikinsa. In ya lalace, ko babbar tarwada sai ta galabaita.

An fi bincikar wannan ciwo a gidajen ƙyanƙyasar kifin salmon, a Japan da Kanada da Amurka. Kunnen lafiyayyen kifi ma cike yake da ƙwayoyin bakteriya iri-iri da ke zaune cikin yauƙinsa ba su yi masa komai. Sai an cunkushe kifi, ƙazanta ta taru, iska ta ragu, sannan wata mai suna Flavobacterium branchiophilum ta mamaye wurin, naman ya kumbura ya manne. 'Yar uwarta Flavobacterium columnare ita ce mai son ruwan ɗumi, tana kama tarwada da karfasa, tana cinye gefen kunne kamar yadda ka kwatanta. Ban ce ita ce ba sai an duba da madubin likita.

Mai ƙyanƙyasa, Arkilla: Na gode. Amma ruwana mai kyau ne, shi muke sha a gida, garau yake. Yawansu kuwa ai ba ni da wurin da zan rarraba su, tankunan da na samu ke nan. Canjin ruwa ina yi duk lokacin da aka kawo wuta.

Ɗalibin kiwon kifi: To a nan matsalar take. Ruwan burtsatse yana fitowa da ƙarancin iska ko da ya yi garau. Ruwan da zafinsa ya kai digiri 30 bai riƙe iskar oksijin sama da kusan miligiram 7.5 a lita, alhali a digiri 15 yana riƙe kusan 10. Mu kuma a Sakkwato watan Afrilu zafin rana na wuce 40. Gubar amoniya ma zafi ƙara mata ƙarfi yake yi. Ka dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, a gidajen salmon an ga kifin da aka hana abinci lokacin ciwon ya fi tsira. Ka rage cunkoso, ka yi rumfa, ka sa ruwan ya riƙa zubowa daga sama yana fantsama, ka sa gishiri giram 2 a kowace lita.

Ɗan Kwalkwalawa: Wutar nan ita ad damuwarmu duka. Ni janareto ya cinye man riba ƙaf, na koma sola, batir ya mutu wata ukku. In gishiri za ka sa, ka haɗa da kanwa kaɗan.

Ɗalibin kiwon kifi: Don Allah ban da kanwa. Tana ɗaga ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, kuma duk hawa ɗaya a ma'aunin yana ninka amoniya mai guba kusan sau 10.

Alhaji na Mabera: Ɗalibi, karatu daban, tanki daban. Mi ya haɗa mu da salmon, kihin ƙasar ƙanƙara? Yaro na asara kana ce mai ya hana ma kihi abinci. In ya hana su, manyan su cinye ƙanana, ka san halin tarwada. Ni na hwaɗi, a zuba magani.

Ɗalibin kiwon kifi: Cin juna gaskiya ne Baba, shi ya sa a ware manya tukuna. Amma maganin da aka watsa cikin ruwa ba ya zaɓe, yana kashe har ƙwayoyin da ke tsare kunnen, waɗanda suka tsira kuma su daina jin sa. Ƙasar Norway ta yi amfani da kusan tan 50 na irin waɗannan magunguna a kiwon kifi a 1987, daga baya rigakafi da tsafta suka sa ta kusan bari gaba ɗaya. Yallaɓai, ka ɗauki masu rai da suka galabaita, ba matattu ba, ka kai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tare da ruwan tankin a gora.

Hajiya mai banda: Ka kuma tambayi wanda ya sayar maka da iyayen kifin. Mutanen nan ba su da tsoron Allah.

Mai ƙyanƙyasa, Arkilla: Iyayen lafiya lau suke Hajiya, ni na zaɓe su da hannuna. Hana abinci kuma ba zan iya ba, in ba su kai girman da muka yi magana ba mutumin ba zai karɓa ba. Na riga na aiki ƙanena ya sawo maganin. Za a iya haɗa shi da gishirin a ruwa ɗaya?

Alhaji na Mabera: Haɗa su, babu komi. Ka ƙara awo ma ranar hwarko.

Ɗalibin kiwon kifi: Kada ka ƙara awo. Har yanzu ba ka faɗa mana ko nawa ne a kowane tanki ba.