Kwalejin shekara biyu ko jami'a? Shawara kan Abba

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Abba zai gama sakandare a watan Yuni. Yana da disleksiya (matsalar karanta rubutu), karatu na cin masa lokaci sosai, amma wajen lissafi da gyaran kwamfuta ba a cewa komai. Babansa na so ya wuce Lehman, ta shekara huɗu, kai tsaye, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da kwalejin shekara biyu, Hostos ko Bronx Community College. Dukkansu na ƙarƙashin CUNY ne, jami'ar birnin New York. Ku taimaka mana da shawara.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin maganar makaranta, ki sani takardar IEP ɗinsa, wato tsarin taimako na musamman da ake masa a sakandare, ba ta binsa kwaleji. Can dokar ADA da Sashe na 504, dokokin kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, ne ke aiki, kuma babu malamin da zai zo ya neme shi. Shi zai taka da ƙafarsa zuwa ofishin ɗalibai masu buƙata ta musamman, ya miƙa takardun gwajinsa, ya nemi ƙarin lokacin jarrabawa ko manhajar da za ta riƙa karanta masa littafi. Ki karɓi kwafin gwajinsa na ƙarshe tun kafin a rufe makaranta.

Anti Zuwaira: Gaskiya ne Malam. Ni tawa 'yar ta kwalejin shekara biyu ta fara. Kuɗin CUNY ga mazaunin birnin New York dala 4,800 ne a shekara a can, a Lehman kuwa 6,930, kuma in kun cike takardun neman tallafin karatu na FAFSA da TAP mai yiwuwa tallafin ya rufe yawanci. Amma ba kuɗin ne ya fi burge ni ba. Tana kwana a gida, ina ganin idonta da safe, in ta kwana kan aiki ɗaya har asuba na sani. Domin kuwa da zarar Abba ya shiga kwaleji, ba za su nuna miki makinsa ba sai ya sa hannu. Dokar FERPA ke nan, mai kare sirrin bayanan ɗalibi.

Baban Yasmin: Ni fa ban goyi baya ɗari bisa ɗari ba. Yara nawa muka gani sun shiga shekara biyu, suka kama aikin dare, karatun ya bi ruwa? Lehman ma tana da ofishin nan. In kwalejin za ku zaɓa, ya shiga shirin ASAP na CUNY mai tallafa wa ɗalibai su gama a kan lokaci, akwai mai ba shi shawara da ke bibiyarsa.

Anti Zuwaira: ASAP na da kyau, sai dai cikakken ɗalibi suke so, wato mai ɗaukar kwasa-kwasan kiredit 12 zuwa sama a zango. Yaron da ke karanta shafi sau uku, ku zauna ku auna. Kuma kwasa-kwasan gama-gari na CUNY suna binsa in ya koma Lehman.

Alhaji Mamman: Akwai Landmark College a Vermont, don irin su aka kafa ta. Kuɗinta dai sai mai hali, ga nisa.

Maman Abba: Vermont kam Alhaji, babansa ba zai ma saurara ba. Talata in sha Allah zan kai shi ofishin Hostos da na Lehman, in zauna waje ya shiga shi kaɗai. Anti, turo min sunan manhajar da 'yarki ke amfani da ita.