Ƙanena a Amurka: cikakken tallafin karatu, ko jami'ar da ta yi alkawarin kuɗi?

Yayan Abba: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ƙanena yana shekarar ƙarshe a wata kwaleji ta shekara biyu a jihar Kansas, ƙwallon kwando ce ta kai shi. Yanzu jami'o'i biyu na zawarcinsa. Ta farko babba ce, ana nuna wasanninta a talabijin. Rabin kuɗin makaranta za ta biya, amma koci ya ce masa ta waya masu ɗaukar nauyin ƙungiya za su haɗa masa dala dubu 40 a shekara. Ta biyun ƙarama ce, ba kowa ya san ta ba, sai dai ta ɗauke komai: karatu, ɗaki, abinci da littattafai. Yaro ya ƙwallafa rai a ta farko. Hajiya kuma ta ce ni zan yanke. Wai da gaske ana biyan ɗalibai 'yan wasa yanzu?

Ɗan Ƙasar Waje: Wa alaikumus salam. Da gaske ne, amma abin sabo ne. Hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i tun 1906, ta daɗe tana cewa ɗalibi bai cancanci ko sisi ba bayan kuɗin karatu. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙoli ta kayar da ita a shari'ar Alston, alƙalai tara duk baki ɗaya. Ranar 1 ga Yulin shekarar aka fara barin ɗan wasa ya ci kuɗin talla da sunansa da hotonsa, abin da suke kira NIL. Sai a Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House: dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa cikin shekara goma, kuma kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

To amma Yayan Abba, ka tambayi inda kuɗin ke zuwa. A manyan jami'o'i kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwallon Amurka ne, wannan ta kwalkwali da ture-ture. Abin da ya rage wa kwando taurari ne ke kwashe mafi tsoka. Wanda ya zo daga ƙaramar kwaleji, ba a ma tabbatar zai shiga biyar ɗin farko ba, shi ne na ƙarshen layi.

Maman Ilham: Ni tambaya ɗaya gare ni. Dala dubu 40 ɗin nan a rubuce take? In ta waya ce kawai, to babu ita. A Satumbar 2024 wani ɗan wasan jami'ar Nevada da ke Las Vegas, Matthew Sluka, ya ajiye wasa bayan karawa uku, ya ce an yi masa alkawarin dala dubu 100 da baki ba a cika ba. Jami'ar ta musanta, kuma ba shi da takardar da zai nuna. Shi ɗan ƙasa ne fa, da wakili da iyaye a kusa. Ina ga namu da Hajiyarsa ke nan gida?

Ɗan Ƙasar Waje: Hajiya kin taɓo wurin. Akwai ma abin da ya fi wannan. Abba da bizar ɗalibi ta F-1 yake zaune, ko? In ba da izini na musamman ba, wannan bizar aikin cikin makaranta kawai ta yarda da shi, awa 20 a mako lokacin karatu. Ya tsaya gaban kyamara a cikin Amurka ya yi wa kamfani talla a biya shi, ana iya ɗaukarsa aikin da ba shi da izini, biza ta tafi. Shi ya sa Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da ya zama gwarzon kwandon jami'o'i a 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je Bahamas a watan Agustan shekarar ya yi tallace-tallacensa a can cikin mako guda. Har kuɗin da jami'a ke rabawa da hannunta, lauyoyi ba su gama daidaita bakinsu kan ɗalibin waje ba. Kada ya tambayi koci wannan, koci ɗan wasa yake nema. Ya je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar, wajen jami'in da ke sa hannu a takardar I-20, wadda ke tabbatar da zamansa ɗalibi, ya ce a ba shi amsa ta imel.

Malam Na Aji: Ku yi mini uzuri, ni dai abin nan bai kwanta mini ba tun asali. Jami'a wurin karatu ce. Yaron da aka ɗauke wa kuɗin makaranta a ƙasar da bashin karatu ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, ai an riga an biya shi. Ɗan ajinsu da ke karanta aikin jinya zai fita da bashi a wuya, a wasu makarantun ma cikin kuɗin da yake biya akwai kason wasanni. Jami'ar Tennessee ƙarin kashi 10 ta yi a kan tikitin kallo don ta samu abin biyan 'yan wasa. A ƙarshe dai daga aljihun wani kuɗin ke fita.

Kocin Unguwa: Allah gafarta Malam, a nan kam mun raba hanya. Gasar kwandon jami'o'i ta watan Maris kaɗai, gidajen talabijin na CBS da Turner sun saye ta dala biliyan 8.8 na shekara takwas. Kocin ƙwallon Amurka na jami'ar Georgia, Kirby Smart, dala miliyan 13 yake ɗauka a shekara. Wa ake kunna talabijin a kalla, kocin ko yaran? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, shekara da shekaru. Kuma yaron ne gwiwarsa ke tsinkewa. A takarda awa 20 ce ta atisaye a mako, amma ka haɗa tafiye-tafiye da ɗaga ƙarfe da kallon bidiyon abokan karawa, ka gaya mini yaushe zai buɗe littafi.

Malam Na Aji: To ai ka kawo hujjata da bakinka, Koci. In ba ya buɗe littafi, wane ɗalibi ne? A jami'ar North Carolina binciken 2014 ya gano an shafe shekara 18 ana ba da wasu darussan bogi, ba shiga aji, ba malami, takarda ɗaya za ka miƙa a ba ka maki. Ɗalibai sama da 3,000 suka bi ta ciki, kusan rabinsu 'yan wasa. Abin da nake ji wa Abba ke nan a babbar makaranta: a zaɓa masa kwas mai sauƙi don kada ya faɗi a hana shi wasa, ya fito da kwalin da ba zai ci abinci da shi ba.

Kocin Unguwa: Wannan kuwa na yarda. Yayan Abba, in ka cire gardamarmu da Malam, ga abin da zan ce wa yaron da na koya wa riƙe ƙwallo. Ya tafi inda zai yi wasa. Mutum 15 ne a ƙungiya, biyar ne a fili. Na ga yaran da suka bi suna suka ƙare a benci da tawul a wuya, shekara biyu ba wanda ya ga hannunsu. NBA kuwa, babbar gasar ƙwararrun kwando ta Amurka, mutum kusan 60 take ɗauka a shekara daga duniya gaba ɗaya. Wanda ya yi wasa sosai a ƙaramar jami'a yana da bidiyon da zai nuna wa ƙungiyoyin Turai ko na gasar BAL ta Afirka. Pascal Siakam na Kamaru daga New Mexico State ya fito, ba wata shahararriya ba ce a kwando. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ƙaramar kwalejin Bismarck ya yi a North Dakota, bai taɓa buga NBA ba, amma shi ya haɗa ƙungiyar Toronto da ta ci kofi a 2019.

Maman Ilham: Ko ƙaramar ma kada a sa hannu ido rufe. Ya tambaya tallafin na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa, ko na duka shekarun da suka rage masa. Ya tambaya in ya ji rauni wa ke biyan asibiti, kuma har zuwa yaushe bayan ya gama. Sannan darussan da ya ci a Kansas, nawa za su karɓa? Ɗan ƙanwata da ya canza makaranta, kusan zango guda aka ƙi ƙirga masa, sai da ya maimaita da kuɗin gida. Wani abin da ba a faɗa wa yara: kason ɗaki da abinci na tallafin ana cire wa ɗalibin waje haraji a kai, kashi 14. Ya san da shi tun yanzu, kada takardar bashi ta zo masa ba shiri.

Ɗan Ƙasar Waje: Ƙari ɗaya. Tun Janairun 2026 Amurka ta taƙaita ba 'yan Najeriya sabuwar bizar karatu. In tasa ta kusa ƙarewa, kada ɗokin gida ya sa ya taho hutu bai zauna da jami'in nan na I-20 ba.

Yayan Abba: Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Yanzu muka gama waya da shi. Na ce ya nemi kocin babbar ya turo maganar dubu 40 a rubuce, da sunan wanda zai biya da ranar biya, mun ba shi zuwa Juma'a. Rabin da ya rage na kuɗin makarantarsu ma na lissafa da naira, ko gidanmu aka sayar ba zai kai shekara biyu ba. Abba dai ya yi shiru, ya ce zai yi istihara. Maman Ilham, in takardar ƙaramar ta iso zan turo miki ta gefe ki duba mana wajen maganar rauni.

Maman Ilham: Turo. Ka haɗo da shafin da ya lissafa darussan da suka karɓa.