Shawarwarin da aka bayar kan tambarin kulob ɗin unguwa a Daura

Matasan unguwarmu sun zauna da dattawa da mai zane da tela kan tambarin da za su sa a rigar kulob ɗinsu.

Bakin mafi yawa ya zo ɗaya: tambari ya nuna asali. Arsenal igwa ta sa, domin ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa ta a 1886. To mu a Daura me ya kai Rijiyar Kusugu? Wasu sun so a haɗa da takobin Bayajidda da macijiya. Dattawa suka ce takobi ya shiga, amma a bar macijiyar, saboda yaran nan da rigar suke sallar magariba in an tashi daga fili. Ni ma bayan wannan nake.

Tela ya ja kunne kan cunkoso. Tambari a ƙirji bai wuce tafin hannu ba, siraran layuka kuwa zare ba ya fitar da su. Launi biyu, in an matsa uku. Sunan kulob da shekarar kafa shi su fito ɓaro-ɓaro.

Tauraro kuma a dakata sai an ci kofi, tunda ko a rigar Juventus kowane tauraro na nufin kofin gasar Italiya 10.