Neman shawara: fita kamun kifi da iyali a tekun Jidda

Abu Safwan, daga Makka:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa. Mahaifina ya zo Umara daga Yawuri, kuma zai yi wata guda tare da mu kafin ya koma gida. Basarke ne, ya shafe ƙuruciyarsa yana su a Kogin Kwara, sai da ciwon gwiwa ya matsa masa sannan ya bar wa ƙannena kayan aikin. Ranar da na kai shi bakin teku a Jidda bayan la'asar, ya daɗe a tsaye yana kallon ruwan bai ce komai ba, daga baya ya ce mini babban burinsa shi ne ya jefa ƙugiya a Bahar Maliya ko da sau ɗaya ne kafin ya koma. Tun ranar maganar take raina.

Mu tara ne za mu je: ni da shi, da mai ɗakina, da yaranmu huɗu waɗanda ƙaraminsu shekararsa biyar, da ƙanena da matarsa. In ban da Baba babu wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa a cikinmu. Ina son wanda ya san harkar ya yi mini bayanin inda ake samun jirgin haya, da takardun da ake buƙata, da lokacin da ya fi dacewa, kuma ya gaya mini gaskiya ko tafiya da yara da dattijo mai shekara 74 abu ne da ya kamata, ko kuwa in ɗauke shi mu je mu biyu kawai. Allah Ya saka da alheri.

Ɗan Karantina, daga Jidda:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Safwan. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya ba ka ladan wannan niyya. Na yi shekaru ina aiki a jiragen haya a Abhur, don haka zan faɗi abin da na gani da idona.

Yawancin jiragen da ake haya suna tashi ne daga Abhur, wato mashigin ruwan nan da ke arewacin Jidda, inda teku ta kutso cikin ƙasa. Akwai kuma masu fita daga Suwal, garin masunta da ke gaba a kan hanyar arewa, amma ga mai zuwa daga Makka da yara, Abhur ta fi sauƙi. Haya iri biyu ce. Ko dai ka biya kuɗin kujera a haɗa ka da mutanen da ba ka sani ba, ko kuma ka ɗauki jirgin gaba ɗaya na wasu sa'o'i. Kai na biyun za ka yi, kuma kada ka bari arahar na farkon ta ja ka, domin idan jirgin naka ne kai kake da ikon cewa a juya a koma gaɓa a duk lokacin da wani ya galabaita, amma idan na haɗaka ne dole ku jira sauran mutanen da su ma kuɗinsu suka biya.

Game da takardu, babu jirgin da ke fita ba tare da izinin jami'an tsaron iyaka ba, waɗanda ake kira Haras al-Hudud, kuma mai jirgin ne yake nemo izinin da sunayen waɗanda za su hau. Kowa ya riƙo shaidarsa ta asali, har da ta yara, kuma ka sanar da shi tun ranar da kuka yi magana cewa akwai baƙo mai fasfo a cikinku, don kada ku isa bakin ruwa da asuba a tsaya ana ja-in-ja. Ka tabbata jirgin yana da lasisin ɗaukar fasinja, ka kuma tambayi adadin mutanen da aka yarje masa ya ɗauka, domin ku tara ne ban da rayyis, wato matuƙin jirgin, da yaronsa. Duk wanda ya tare ka a bakin hanya ya ce zai fitar da ku a kan rabin kuɗi ba tare da rubuta suna ba, ka yi masa godiya ka wuce. Lambar gaggawa ta Haras al-Hudud ita ce 994, ka ajiye ta a wayarka da ta ƙanenka.

Abin da zai ba Baba mamaki shi ne ba sai an yi nisa ba. Gaɓar Jidda cike take da duwatsun murjani, waɗanda mutanen nan suke kira sha'ab, kuma a gefensu kifi yake taruwa. Wannan murjanin ne ya sa tun zamanin da jirage suke shiga tashar Jidda da taka-tsantsan, kuma shi ne ya sa bai kamata wanda bai san hanyoyin ruwan ba ya riƙe jirgi. Irin sun da ya dace da ku shi ne wanda ake cewa jalab: jirgi yana tsaye, a saki zare mai ƙugiya da dalma har ya taɓa ƙasa, a ɗan ɗago shi kaɗan, a riƙe da yatsa ana jiran motsi. A kan ƙugiyar ana laƙa yankan habbar, wata dabbar teku mai laushin jiki da hannuwa da yawa, ko sardin ko jatan lande. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jin cizon tarwaɗa da giwan ruwa a yatsarsa ba ya buƙatar a koya masa wannan. Ɗaya hanyar ita ce majrur, wato jirgi yana tafiya yana jan zare a baya don manyan kifaye masu gudu irin su dirak da agam, amma wannan yana son buɗaɗɗen ruwa da doguwar tafiya da ƙarin mai, kuma sau da yawa yara sukan gaji tun kafin a kama komai.

Kifin da za ku fi samu shi ne sha'ur, sai bayad, sai hamur idan an dace. Sarkin kifin wannan gaɓa shi ne najil, ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, wanda yake cikin mafi tsada a kasuwar kifi ta Bangala da ke Jidda. Ma'aikatar muhalli da ruwa da noma takan hana kama shi a lokacin da yake zuba ƙwai, wajen watannin Afrilu da Mayu, saboda haka duk mai shirin fita a wannan tsakanin ya tambayi rayyis tukuna.

Ku fita bayan sallar asuba, ku dawo kafin azahar, sa'a huɗu ta isa. A nan iskar arewa ce ta fi kaɗawa, kuma takan ƙara ƙarfi da rana ta yi, ruwan da yake kwance da safe sai ya soma tashi. Ka duba sanarwar cibiyar hasashen yanayi ta ƙasa a daren da za ku fita, ka kuma yi yarjejeniya da mai jirgin tun farko cewa idan iska ta hana fita za a ɗaga ranar ba tare da kuɗinka ya salwanta ba.

Injiniya Abu Khalid, daga Yanbu:

Ina girmama bayanin Malam Ɗan Karantina, kuma babu abin da zan rage a maganar takardu, amma a wuri ɗaya na saɓa da shi. Idan manufar tafiyar ita ce a faranta wa Baba, to mu tuna cewa masunci ne, kuma masunci ba ya gamsuwa da ƙananan kifaye biyar da aka kama a gefen murjani yara suna ihu a kansa. Sha'ur ya fi ci da dare, kuma da dare babu zafin rana. Shawarata ita ce ku je ku uku, kai da Baba da ƙanenka, ku fita da magariba ku dawo tsakar dare, sannan wata rana daban ka kai iyali yawon shan iska na sa'a ɗaya a cikin mashigin Abhur inda ruwa ba ya motsi sosai. Haka na yi da surukina, kuma har yau yana ba da labarin daren.

Maman Hanifa, daga Jidda:

Assalamu alaikum. Yaya Abu Safwan, na karanta amsoshin biyu, kuma ina so in ƙara abin da maza sukan manta, domin mun yi irin wannan fita sau uku, ta farkon kuwa ba ta yi mana daɗi ba. Mun ɗauki jirgi ta waya ba tare da mun gan shi ba, sai da muka isa muka tarar ba shi da makewayi, rumfarsa kuma ba ta rufe ko rabin mazaunin ba, rigunan ceton da ke ciki duka na manya ne. 'Yata tana da shekara shida a lokacin, da aka sa mata rigar sai ta haura har kunnuwanta, wanda ke nufin da ta faɗa ruwa rigar za ta zame ta bar ta. Na riƙe ta a cinyata tun daga fita har dawowa, ban ga kifi ba, ban ga teku ba.

Saboda haka kafin ka ba da ko riyal ɗaya, ka je da kanka ka ga jirgin, ko a aiko maka da bidiyonsa na ranar. Ka duba makewayi mai ƙofa, domin akwai mata biyu da dattijo. Ka duba inuwa, da tsawon bangon jirgin, wato kada ya zama gajere har yaro ya iya leƙawa ya rinjaya. Ka faɗa wa mai jirgin shekarun kowane yaro don ya tanadi riga daidai jikinsa, idan kuma ya soma kame-kame, ka sayi ta ƙaramin da kanka, a sa masa ita tun a kan gadar hawa, kada a cire sai an taka ƙasa. Ka tambayi yadda ake hawa jirgin saboda gwiwar Baba, domin wasu sai an yi tsalle.

Sai maganar jiri da amai, wadda ita ce take ɓata yawancin fitar iyali. Kowa ya yi barci sosai a daren, a ci abu mara maiƙo da safe amma kada a fita da yunwa. Akwai maganin jirin tafiya a kantin magani wanda ake sha kamar sa'a guda kafin a hau, sai dai yana sa barci, kuma a tambayi likita kafin a ba yara ko Baba, musamman idan yana shan maganin hawan jini ko na sukari. Wanda ya ji cikinsa yana juyawa ya zauna a tsakiyar jirgi inda iska take, ya kafa ido a can inda sama ta haɗu da ruwa, ya ajiye waya. Ni shayin citta yana taimaka mini. Ruwan sha kuwa ku ɗauki ninkin abin da kuke zato, domin Bahar Maliya tana cikin tekunan da suka fi gishiri da ɗumi a duniya, iskarta ma busar da maƙogwaro take yi.

Abu na ƙarshe, ku gargaɗi yara, har da Baba cikin ladabi, cewa kada kowa ya kai hannu ga kifin da aka ɗago sai rayyis ya gan shi. Kifin nan ba irin na kogi ba ne. Akwai mai kama da dutse wanda ƙayarsa take da dafi mai tsanani, akwai mai fukafukai masu ratsi da Larabawa suke kira kazar teku, akwai kuma mai kumbura kamar ƙwallo wanda namansa guba ne. Idan ƙaya mai dafi ta soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafi gwargwadon abin da fata za ta iya jurewa, a nufi asibiti nan take.

Game da shawarar Injiniya, ba na musun cewa dare ya fi kifi. Amma ina ganin a tambayi Baba da kansa, domin mai yiwuwa abin da yake so shi ne jikokinsa da aka haifa a Makka su ga hannunsa a kan zare, su san sana'ar gidansu. Kuma hawa da sauka a cikin duhu ga mai ciwon gwiwa abin dubawa ne.

Ɗan Karantina:

Hajiya ta faɗi gaskiya, musamman a kan rigar yara. Zan ƙara abu biyu. Idan lokacin salla ya riske ku a kan ruwa, ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi kamar yadda ya tabbata a hadisi, alƙibla kuma tana wajen gabas, ɓangaren gaɓa, rayyis zai daidaita muku ita. Na biyu, ku mayar da ƙananan kifaye cikin ruwa, kuma kada a jefa leda ko guntun zare, domin zaren da aka yar yakan naɗe murjani ya kashe shi, murjani kuwa yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya tsiro. Ku zo da kula mai ƙanƙara don ajiye kifin idan ba ya cikin yarjejeniyar. Akwai gidajen abinci da ke karɓar kifin da mutum ya kawo su gyara su soya masa, a haɗa da shinkafar sayadiyya, wadda ake ci da kifi a nan.

Abu Safwan:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Hajiya na tambayi Baba bayan sallar isha'i, na kuma gaya masa abin da Injiniya ya ce game da dare. Ya ce ya kama kifin da ya ishe shi a rayuwarsa, yanzu so yake ya ɗora zare a yatsar Safwan ya nuna masa bambancin cizon kifi da jan ruwa. Don haka da safe za mu fita, mu tara, jirgi namu kaɗai, sa'a huɗu. Ranar Asabar mai zuwa zan je Abhur ni kaɗai in duba jirage biyu da aka yi mini kwatance, idan na dawo kuma in gwada wa ƙaramin rigar ceton da na saya masa. Malam Ɗan Karantina, Baba yana tambaya ko za a bar shi ya zo da nasa ƙugiyoyin da ya taho da su daga Yawuri, kuma wace lamba ce ta dace da bakin sha'ur.